Na'urar da ba ta iya jiran amsar sallama ba

Shekarun da sojoji suka naɗe tabarmarsu suka koma bariki, kowa a Katsina ya sha abin da ake kira romon dimokuraɗiyya daidai girman ludayinsa. Wani ya samu kujera, wani kwangila, wani kuma hular yaƙin neman zaɓe da alkawari. Mu namu romon a akwatin ƙarfe ya zo, mai 'yan fitilu kore a gaba da igiyoyi a baya. Rauta ake ce mata. Ofishinmu wata 'yar hukuma ce mai rajistar manoma da makiyaya, a wani tsohon gini kusa da Ƙofar Sauri, muna da reshe ɗaya a Batagarawa. Aka saka rauta ɗaya a wurinmu, ɗaya a can, aka kafa wa kowace eriya a kan rufi, aka ce daga yanzu sunayen manoma da na masu shanun da aka yi wa allura ta iska za su riƙa zuwa.

Ni aka ɗauka in kula da ita. Ina da difloma a kan kwamfuta, kuma kawuna ya san wani da ya san wani, don haka ba zan iya rantsuwa a kan wanne daga ciki ya ba ni aikin ba. Abin da na sani, na zo da biro uku a aljihun gaba da tabbacin cewa duk ginin nan babu mai kaina. Aka ba ni ɗaki mai na'urar sanyaya iska da manyan batura don kada ɗaukewar wuta ta taɓa mu. Ba don ni aka yi wannan ba. Ɗan kwangila ne ya ce rauta ba ta son zafi, mutane kuwa ai sun saba, suna iya yin fifita da fayil.

Kafin rauta, akwai Baba, masinjanmu. Dattijo ne siriri mai ɗan gemu, da wani tsohon babur da ya ɗaure wa jakar fata a baya. Kullum da hantsi zai ɗauki takardu daga Ƙofar Sauri ya kai Batagarawa, bayan azahar ya dawo da na can. Tun zamanin soja yake wannan zirga-zirga a matsayin ma'aikacin wucin gadi, kuma duk shugaban da ya zo sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ana nan ana duba maganar tabbatar da shi. An duba ta har gemunsa ya yi fari. Ban da takardun gwamnati, Baba ne ke biyawa Babbar Kasuwa ya sayo wa wannan goro, ya karɓo wa waccan ɗinki, ya taho mana da fura da nono daga wajen Fulanin Batagarawa, ya kuma kawo labarin gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rasuwa. Ban taɓa jin takarda ta ɓace a hannunsa ba. A ofishin da fayil kan ɓace tsakanin tebur da tebur wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba wanda ya taɓa rubuta shi a ko'ina.

Ranar buɗe na'ura aka kafa rumfa, aka jera kujerun haya. Shugaban hukumarmu, wani Alhaji da ya nemi takarar majalisa bai samu ba aka share masa hawaye da mu, ya sha babbar riga ya riƙe almakashi. Ya yi jawabi a kan zamani da yadda mulkin soja ya bar mu a baya, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Daga yau takarda ba za ta ƙara hawa babur ba a wannan hukuma!" Aka tafa. Baba ne ke riƙe da ƙarshen ƙyallen da za a yanka, sai da ya maƙale shi a hammata sannan shi ma ya tafa.

Kashegari Hajiya, sakatariyar ofis, wadda duk takardar da za ta fita sai ta bi ta ƙarƙashin yatsunta, ta buga sanarwa bisa umarnin Alhaji: da zarar layin ya yi wata guda cur yana aiki ba tare da yankewa ba, za a soke gurbin masinja. Aka manna ta a allo. Baba ba ya karatun boko, amma kafin gam ɗin ya bushe mutum biyar sun karanta masa, kowa da irin tausayinsa.

Sai dai Allah ya yi wa Baba gata, layin ko awa guda bai taɓa yi a tsaye ba. Da safe fitilu za su kama, kore shar. Malamin da ke reshen Batagarawa zai fara turo jerin sunaye, ya kai rabi, sai fitila ɗaya ta mutu. A jira ta dawo, a faro daga farko, a kai rabi, ta sake mutuwa. Ƙarshe sai ya kwafe aikin a faifan kwamfuta, ya nannaɗe a leda, ya miƙa wa Baba. Da haka Alhaji ya cika alkawarinsa, takarda ta daina hawa babur, faifai ne ke hawa.

Kuma gaskiya ba wanda abin ya dama. Lalacewar layi ta zama rufin asirin ofis gaba ɗaya. Wanda bai gama aikinsa ba, babu netwok. Wanda ya tafi ɗaurin aure ranar aiki, ai ko ya zauna babu netwok. Akwai wanda aikinsa bai haɗa shi da kwamfuta ba ko ta wajen kaka, shi ma da aka tambaye shi dalilin makara sai ya nuna eriya. Ni kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya, don duk wanda ya wuce ƙofata sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, ya mai jiki?"

Aka kira ɗan kwangilar da ya kafa na'urar. Ya zo da ƙaramar jaka da turare mai hawa kai, ya zauna a kujerata, ya danna-danna, ya ce ya gano matsalar. Abin da ya taɓa yana bukatar ɗan bayani. Rautoci biyu da ke haɗe sukan riƙa gaisawa. Kowane sakan goma wannan za ta aika wa waccan ɗan gajeren saƙo wanda ba ya ɗauke da komai sai "ina nan". Idan ɗaya ta yi sakan arba'in ba ta ji daga 'yar'uwarta ba, sai ta yanke hukuncin cewa ta mutu, ta share hanyar zuwa gare ta, ta zauna jiran a sake gabatar da juna daga farko. Haka masu ƙera ta suka saita ta a ƙasarsu, inda layi ke da faɗi. A duka rautocin, ɗan kwangila ya mayar da goma ta koma biyu, arba'in ta koma takwas, ya ce yanzu za ta riƙa gane matsala da wuri ta gyara kanta da wuri. Alhaji ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce, "Madalla. Gwamnatin farar hula ba ta jira."

Aka yi gyaran gangar Auzinawa. Layin da a da yake kai rabin aiki kafin ya faɗi, yanzu ko bisimilla ba ya ƙarasawa. Da aka sake kiran ɗan kwangila, sai ya ce ai eriyar ce gajera, a kafa kwamiti ya duba yadda za a ƙara mata tsawo. Kwamiti kam ba a sha wahalar kafa shi ba.

Baba yakan shigo ɗakina bayan ya dawo, ya zauna kan tabarma a gindin na'urar sanyi ya huce gajiya. Ba ya shigowa kai tsaye. Ko ƙofa a buɗe take sai ya tsaya a waje ya yi sallama ya jira, ko da kuwa yana kallona ina kallonsa. Wata rana ya same ni na zura wa fitilun ido, littafin na'urar a buɗe a cinyata, ya ce, "Malam injiniya, wai mi ke damun abin ga ne?"

Na yi masa bayani da irin muryar da ake yi wa wanda aka tabbatar ba zai gane ba. Na ce suna gaisawa ne, idan ɗaya ba ta amsa ba cikin sakan takwas sai ɗayar ta ce ta mutu.

Ya ce, "To in malamin can shina turo sunaye, ita gaisuwar ta ina take bi?"

Na ce, "Hanya ɗaya suke bi."

"Hanyar kuma ka ce ƙarama ce."

"Ƙarama ce."

Ya gyara zama ya ce, "Ashe ba mutuwa ta yi ba. Gaisuwar ce ta maƙale bayan kaya, kamar mai keke bayan motar hatsi a bakin Babbar Kasuwa. Wagga na'ura dai ba ta da tarbiyya, Malam. Kai in ka tahi gidan dattijo a ƙauye ka yi sallama, sai ta ratsa zaure, ta ratsa tsakar gida, ta iske shi ƙila shina salla, ƙila ya kewaya. Sai ka tsaya. In ka yi ɗaya ka ƙirga takwas ka juya kana hwaɗa wa mutane ya rasu, kai ne ba ka da lahiya, ba shi ba. Kuma ba a jera sallama kamar ana kiran awaki. Ka yi, ka saurara, ka ba mutum lokaci."

Na yi dariya irin ta mai difloma. Da ya fita na koma babin da na yi kwana uku ina fama da shi, na ga abin da ya faɗa ke nan, sai dai su sun ɓata shafuka da Turanci kafin su kai nan. A kan layi mai rauni, a rage yawan gaisuwa, a tsawaita jira. Gaisuwa kowane sakan talatin, jira har minti biyu. Ban gaya wa Baba cewa ya yi daidai ba. A raina na riga na fara tsara yadda zan ba da labarin a matsayin abin da na gano bayan dogon nazari.

Na je wurin Alhaji na durƙusa, muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya jama'a, ya ƙoƙari, sannan na ce, "Ranka shi daɗe, ina neman izini in ƙara wa na'ura lokacin jira." Ya cire tabarau ya dube ni. "Jira? Shekara nawa muka yi muna jiran soja su tahi? Yanzu kuma ka zo ka ce in sa hannu a ƙara jira? Mi zan hwaɗa wa jama'a? Mutumin da ya kahwa ta ya rage, kai da ka zo jiya za ka ƙara?" Na ce sauri ya haifi nawa, ranka shi daɗe, amma a zuci na faɗa. A fili cewa na yi Allah ya ƙara girma. Ina fita na ji ya ce a gaya wa mutanen da ke zaune a baranda tun safe su ƙara haƙuri.

Hajiya ta ji komai, don teburinta a bakin ƙofarsa yake. Ta yafito ni da yatsa ta ce, "Ɗana, da gaske ka iya gyara ta?" Na ce ƙwarai kuwa, ina hura hanci. Ta nuna allon sanarwa da haɓa. "To ka karanta waccan? Ni na buga ta, na san abin da ke ciki. Dattijon ga shina da iyali, ɗiyanshi mata biyu na makaranta, babur ɗin nan shi ne gonarshi. Bar kaza cikin gashinta." Na ce, "Hajiya, wace takarda aka taɓa mannawa a allon nan aka yi aiki da ita? Tun zuwana an manna cewa za a gyara bayi." Ta ce haka ne, ta ci gaba da bugun takardarta, ba ta ƙara dubana ba.

Wannan hujja ta yi mini daɗi, na riƙe ta hannu bibbiyu. Gwamnati ba ta cika alkawari, kowa ya sani, saboda haka Baba yana cikin aminci, ni kuma zan nuna wa duniya ko ni wane ne. Gaskiyar ita ce na gaji da amsa gaisuwar mai jiki. So nake a wuce ƙofata a ce injiniya ba tare da an danne dariya ba.

Wata Talata da safe na rufe ƙofa na shiga saitin rautarmu. Na goge biyu na sa talatin, na goge takwas na sa ɗari da ashirin, na danna. Sai na juya zan shiga ta Batagarawa daga inda nake in yi mata haka, na tarar babu hanya. Sharaɗin abin shi ne lokutan su zama iri ɗaya a duka ɓangarorin, in sun saɓa ba za su ma amsa wa juna ba, don haka ana fara gyara ta nesa ne sannan ta kusa. Yana nan rubuce a littafin, a shafin da na tsallake don na riga na gane komai. Na mayar da tamu yadda take na sake gwadawa, amma da gyaran ɗan kwangila layin ba ya tsayawa ko na tsawon rubuta kalmar sirri. Ko ta ina aka bi sai an taka zuwa Batagarawa. Na bar tamu a kan sabon saiti na fito neman motar ofis, aka ce ta kai iyalin Alhaji biki.

Na tarar da Baba yana ɗaure jaka. Na ce, "Baba, za ka kai ni Batagarawa?" Ya ce, "Mi za ka yo can?" Na ce zan koya wa ta can haƙuri ne. Sai ya kwance jakar ya rataya ta a ƙirji don in sami wurin zama, ya ce, "Hau, Malam."

Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai da ta ci mana fiye da awa. Mun tsaya a Babbar Kasuwa karɓar zaren Hajiya, aka gaisa da mai zare, da maƙwabcinsa, da wani da ya zo wucewa. Mun tsaya wurin mai faci ba don taya ta sace ba, sai don matarsa ta kwanta asibiti. Bayan mun fita gari wani makiyayi yana tsallakar da shanu, Baba ya kashe babur ya sauka, suka gaisa tun daga kan dabbobi har zuwa ruwan sha. Mutumin ya ce an rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba a rajista, Baba ya maimaita sunan sau biyu ya ce zai gaya wa malamin. Ni kuwa ina kan babur ina duban agogo ina tsaki, a matsayina na mutumin da zai je koyar da haƙuri.

A reshen Batagarawa na tarar an lulluɓe rautar da wani ƙyallen tebur mai ado, an ɗora buta a kai. Malamin reshen ya ce don girmamawa ne, tunda kayan gwamnati ce. Sai da muka gama gaisuwa kaf, Baba ya isar da gyaran sunan makiyayin, sannan aka bar ni na sauke buta na jona kebul ɗina. Na rubuta talatin, na rubuta ɗari da ashirin. Baba yana tsaye a bayana da jakarsa a ƙirji. Na ɗora yatsa a kan madanni na juyo na ce, "Baba, ka san in wannan ta yi aiki..." Ban ƙarasa ba ya ce, "Na sani, an karanta mini. Danna, Malam. Ai ba kai ke ba ni abinci ba."

Na so ya roƙe ni. Da ya ce in bari, da ƙila na bari, in riƙa jin kaina mutumin kirki har ƙarshen rayuwata. Bai ba ni wannan damar ba, sai na danna.

Muka tsaya mu uku muna kallon akwatin ƙarfe. Fitila ta kama. Malamin ya fara tura jerin sunayen da ya yi mako yana fama da shi, ya kai rabi, ya wuce rabi, ya ƙare. Ya ce, "Ikon Allah!" Baba ya yi murmushi har haƙoransa na goro suka fito, ya ce, "Ka gani? Haƙuri kaɗai take so." Murnarsa ta gaske ce, kuma wannan ya fi komai damuna. A hanyarmu ta dawowa babu komai a jakarsa sai zaren Hajiya da kwanon fura.

A makon nan ne kuma kwamiti ya gama aikinsa, ɗan kwangila ya zo ya ƙara wa eriya tsawo. Aka sake kafa rumfa. Alhaji ya nuna eriya ya ce ga abin da hangen nesa ke haifarwa, ya kuma yaba wa ɗan kwangila da ya koya wa na'ura sauri. Ni ba damar in buɗe baki, tunda abin da na yi an hana ni yin sa. Dabarar da na sace wa Baba sai ga shi an sace mini ita a gaban jama'a, har da lemo da nama. 'Yan ofis kuwa suka daina tambayata mai jiki, suka ma daina gaishe ni sosai, don na raba su da uzurinsu.

Na manna farar takarda a bango ina jan layi ɗaya kowace rana da layin bai yanke ba. Kwana goma, kwana ashirin. Baba bai fasa zuwa Batagarawa ba, kullum da hantsi zai ɗaure jakar da ba komai a cikinta sai saƙon mutane. Ana saura mako guda Hajiya ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dubi igiyoyin da ke bayan rauta ta ce, "Kebul ɗaya ne hwa, ɗana. Ko mai shara shina iya tuntuɓe da shi." Na gane hannunka mai sanda. Yankewa ɗaya ta isa a faro ƙirgar wata daga farko, in an kusa cikawa a sake. Da ta fita na kama kebul ɗin da hannuna. Sai na dubi takardar bango da layukana a jere ba giɓi, na ji ba zan iya ɓata su ba. Na ce gobe. Na kuma tuna wa kaina cewa bayi ma har yanzu ba a gyara ba.

Ran da wata ya cika, gwamnatin da ban taɓa ganin ta cika alkawari ba ta zaɓi ta fara a kan Baba. Da hantsi ya leƙo kamar kullum ya ce ko ina da saƙo, na ce ya taho mini da fura. Bai daɗe da fita ba Hajiya ta shigo da faifai ta ajiye a teburina. Ta ce takardar sallamar Baba ce, kuma tunda a reshen Batagarawa aka ɗauke shi aiki, can za a ba shi. Alhaji ya ce a tura ta na'ura don a ga amfanin zamani. Ta juya ta fita.

Na tura. Na zuba wa fitilun ido ina roƙon Allah ɗaya ta mutu, ni da na yi wata ina alfahari da su. Ko ƙiftawa ta banza ba su yi ba. A lissafina lokacin Baba bai ma bar Babbar Kasuwa ba, yana can yana tambayar wani ya kwanan iyali.

Bayan azahar na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Na rufe ƙofar ranar, ina ciki, kunya ta hana ni amsawa. Bai buga ba, bai tafi ba. Ina kallon agogon bango har minti biyu suka wuce, lokacin da ni da kaina na yanke wa na'ura cewa ya isa a fid da rai da mutum. Ya sake sallama ya jira. Sai a ta uku na iya buɗe baki.

Ya shigo ya ajiye kwanon fura a gefen teburina, ya tsuguna muka gaisa, ya aiki, ya gida, ya gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Takardar tana ninke a aljihun rigarsa, ina ganin bakinta. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, sai ya riga ni.

Ya ce, "Malam injiniya, na zo in yi maka barka. Aikinka ya yi kyau ƙwarai. Shekara da shekaru ina kai takarda Batagarawa, ba wadda ta taɓa riga ni isa sai wagga." Ya miƙe ya gyara hularsa, har ya kai ƙofa ya juyo. "Kwanon na mai hura ne hwa. In ka shanye, sai ka nemi wanda zai mayar mata."

Ban samu wanda zai mayar ba. Kwanon yana gidana har yau.